sin x = 1/2: me ya sa 30° kaɗai ba ta isa amsa ba?

Sadiq_SS3:
Assalamu alaikum malamanmu da 'yan'uwa na wannan zaure. An ba mu sin x = 1/2, aka ce a nemo gamammiyar amsa. Na latsa kalkuleta ta ba ni 30°, na duba tebur ɗin lissafi, shi ma 30° ya nuna. Amma a bayan littafi abin da aka rubuta shi ne x = 180°n + (−1)ⁿ × 30°. Daga ina 180 ta fito? Me ya kawo n cikin maganar? Ita kuma −1 ɗin da aka ɗora wa n a ka, mene ne aikinta? A ganina tambaya ɗaya amsa ɗaya ce. Don Allah a warware mini, WAEC ta matso.

Bash_Fagge:
Wa alaikumus salam. Ƙanena haddace ta kawai. Duk inda ka ga sin, rubuta 180n da −1 mai n a ka, ka sa abin da kalkuleta ta ba ka a ƙarshe. Makinka ya fito, shi ke nan.

Malam_Lissafi:
Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Bash, ban yarda da kai ba. Abin da aka haddace ba a gane shi ba, ranar jarrabawa yake gudu. Sadiq, ajiye littafin tukuna.

Ka kifa keke, tayar gaba tana sama, ka zuba wa bakin da ake sa mata iska ido. Mu ɗauka nisan da ke tsakanin tsakiyar taya da wannan bakin shi ne 1. Ka fara da bakin yana gefen dama, daidai saitin tsakiyar taya, bai yi sama ba bai yi ƙasa ba. Nan ne 0°. Yanzu juya tayar a hankali yadda bakin zai fara hawa. Kusurwar da ka juya ita ce x. Tsayin da bakin ya hau sama da tsakiyar taya shi ne sin x. Iyakar ma'anarsa ke nan.

Da ka juya 30°, bakin ya hau rabin hanya, wato 1/2. Ci gaba. A 90° ya kai ƙololuwa, tsayinsa 1. Daga nan sai ya fara gangarowa ta gefen hagu. To mai saukowa daga 1 zuwa 0, ta ina zai bi in bai sake ratsa 1/2 ba? Dole ya ratsa. Yana ratsawa ne saura 30° ya kai 180°, wato a 150°. Ga amsa ta biyu. Latsa sin 150 a kalkuletarka ka gani da idonka.

Daga 180° zuwa 360° bakin yana ƙasa da tsakiyar taya, tsayin duk maines ne, babu 1/2 a can. Amma taya ba ta tsayawa don ta cika zagaye ɗaya. A zagaye na biyu za a sake samun 1/2 a 390° da 510°, a na uku 750° da 870°, haka har abin da ya yi gaba. In ka juya ta da baya ma akwai: −210° da −330°.

Don haka amsoshin layi biyu ne:
x = 30° + 360°n
x = 150° + 360°n
n cikakkiyar lamba ce kowace iri: 0, 1, 2, −1, −2 da sauransu. Ita ce ke ƙidaya zagaye nawa ka yi.

Sadiq_SS3:
Allah ya saka da alheri Malam. Na latsa sin 150, 0.5 ta fito. Na latsa sin 390, ita ma 0.5. To me ya sa kalkuletar ta ɓoye mini su, ta ba ni 30 kaɗai?

Ummi_Kimiyya:
Ba ɓoyewa ta yi ba, haka aka tsara sin⁻¹, wato maɓallin da ke mayar da tsayi kusurwa. Maɓalli ɗaya ba zai iya zubo maka amsoshin da ba su da iyaka ba, sai masana suka yi ittifaƙi a kan cewa sin⁻¹ zai riƙa ba da amsa ɗaya tak, wadda ke tsakanin −90° da 90°. A wannan yanki kowane tsayi daga −1 zuwa 1 sau ɗaya yake fitowa, babu maimaici. Kalkuleta ta ba ka ta farko, sauran aikin naka ne: ka ɗebe ta daga 180 ka samu ta biyu, sannan ka ƙara wa kowacce 360n.

Yakubu_Tudunwada:
Ni yadda na sani ya fi wannan sauƙi. x = 360n ± 30. Layi ɗaya, ba wani −1 mai hula.

Ummi_Kimiyya:
A'a Yaya Yakubu, wannan dokar cos ce ka kawo. Gwada n = 0 da maines: ka samu −30°. sin(−30°) kuwa −1/2 ne, ba 1/2 ba. Kuma duk n ɗin da ka sa, 150° ba za ta taɓa fitowa daga naka ba. Shi cos nisa yake aunawa zuwa dama ko hagu, shi ya sa 60° da −60° suke da cos ɗaya, ɗaya na sama ɗaya na ƙasa amma suna saiti guda. Shi kuwa sin tsayi yake aunawa, abokan juna su ne na dama da na hagu da ke kan tsayi ɗaya, wato x da 180° − x.

Yakubu_Tudunwada:
To ita ± ɗin ba ta da wurin zama a sin ke nan ko kaɗan?

Malam_Lissafi:
Tana da shi in sin ɗin an ninka shi da kansa. sin²x = 1/4 yana nufin sin x = 1/2 ko −1/2. Amsoshin a zagaye ɗaya su ne 30°, 150°, 210°, 330°, kuma duka huɗun suna taruwa a x = 180°n ± 30°. Lura, 180n ce a nan, ba 360n ba.

Sadiq, bari in koma kan −1 ɗin da ka tambaya, don har yanzu ban amsa maka ba. Jera amsoshin nan a jere: 30, 150, 390, 510, 750, 870. Yanzu dube su kusa da ninkin 180:
30 = 0 + 30
150 = 180 − 30
390 = 360 + 30
510 = 540 − 30
750 = 720 + 30
Ka gani? Ana tafiya 180 bayan 180, yau a ƙara 30, gobe a ɗebe 30. Ana neman abin da zai riƙa sauya alama da kansa, ƙari, ɗebewa, ƙari, ɗebewa. (−1)ⁿ shi ke wannan aiki: in n ta kasance 0, 2, 4 sai ya zama +1, in ta kasance 1, 3, 5 sai ya zama −1. Abin da ke bayan littafinka layukan nan biyu ne aka cusa a layi ɗaya, ba wani sabon ilimi ba ne.

Ɗan_Damagaram:
Salamu alaikum 'yan Najeriya. Mu a Nijar ba mu cika ganin wannan (−1)ⁿ ba. Tun daga lise (babbar sakandare) har BAC, jarrabawarmu ta gama sakandare, layi biyu muke rubutawa, kuma da radiyan, ma'aunin kusurwa da π yake daidai da 180°: x = π/6 + 2kπ ko x = 5π/6 + 2kπ, k cikin Z, wato cikakkiyar lamba, irin n ɗinku. Malaminmu ba ya karɓar amsa sai ya ga da'ira a gefen takarda, an ja layi a kwance a kan tsayin 1/2, an sa ɗigo a wurare biyun da layin ya yanki da'irar. In ka zana wannan, ba yadda za a yi ka manta amsa ta biyu, tana kallonka. Ni a wurina layi biyun sun fi, domin kowanne yana faɗa maka abin da yake nufi.

Bash_Fagge:
Amma layi ɗaya ya fi sauri. A JAMB ba ka da lokacin zana da'ira, agogo na ta tafiya a kan kwamfuta.

Hauwa_Zariya:
Bash, zana da'ira daƙiƙa biyar ne, ba sai ta fito kamar ta kamfas ba. Ina koyar da 'yan ajin ƙarshe, kuma abin da nake gani shi ne masu haddar layi ɗayan nan suna rikicewa da zarar lambar ta zama maines. Ga misali, sin x = −1/2, a nemo x daga 0° zuwa 360°. Kalkuleta ta ba da −30°. Sai yaro ya tsaya cak, don −30 ba ta cikin iyakar da aka ba shi. Wani ya goge maines ɗin ya rubuta 30 da 150. Wani ya rubuta 330 ya tashi. Wanda ya san da'ira kuwa ya san tsayin maines a ƙasa yake, rubu'i na uku da na huɗu, sai ya ce 180 + 30 = 210, 360 − 30 = 330. An gama.

Malam_Lissafi:
Gaskiya ne Malama Hauwa. Sai dai don a yi wa Bash adalci, layi ɗayan ma yana kai mutum gida in ya riƙe alamar da kyau. Sa −30 a ciki: n = 1 ta ba da 180 − (−30) = 210, n = 2 ta ba da 360 + (−30) = 330. Matsalar ba dokar ba ce, mai riƙe da ita ne. Littattafan Indiya da ke yawo a hannun ɗalibanmu ita suka fi kawowa, shi ya sa yara ke ganin kamar wajibi ce. Duk wanda ka rubuta a cikin biyun daidai ne.

Zee_Bauchi:
Don Allah a taimaka, tawa kalkuletar ta lalace ne? Na latsa sin 30 don in gwada abin da kuke faɗa, sai ta ba ni −0.988.

Injiniya_Gusau:
Lafiyarta ƙalau 'yar'uwa, tana kan radiyan ne. Dubi saman allonta, za ki ga ƙaramin R. In Casio fx-991ES ce, latsa SHIFT, MODE, sai 3, za ki ga ta koma D, wato digiri. Ki mai da duba wannan harafin al'ada kafin ki fara kowace jarrabawa, musamman in kalkuletar aro ce.

Tunda na shigo, Sadiq, kada ka ɗauka n ɗin nan ado ce ta littafi. Wutar lantarkin da ke shiga gidajenmu a Najeriya da Nijar tana kai da komo sau 50 a daƙiƙa, zagaye ɗaya milisakan 20 ke nan. 230 bolt da ake faɗa a Najeriya wani matsakaici ne, ƙololuwarta tana kai wajen 325. Ƙarfinta a kowane lokaci 325 ne sau sin na kusurwar da aka kai. In na tambaya yaushe ne ƙarfin yake rabin ƙololuwa, ai sin x = 1/2 na tambaya. 30° kashi ɗaya ne cikin 12 na zagaye, wato milisakan 1.67. 150° kuma milisakan 8.33. Na farko wutar na hawa, na biyu tana sauka, kuma duk bayan milisakan 20 abin ya maimaita. Sau 100 ke nan a daƙiƙa guda. Mai ƙera na'urar rage hasken ƙwai ko ta rage gudun fanka dole ya san wanne daga cikin biyun yake nufi.

Zee_Bauchi:
Ta koma D, na gode Injiniya. Allah ya ƙara basira.

Baba_Mai_Falaki:
Assalamu alaikum. Ni tsoho ne a cikinku, na bar aji da daɗewa, amma zancen nan ya taɓo abin da nake so. 'Ya'yana, wannan amsa biyun a sararin sama take, kuna iya ganinta da sanda.

Rana ba ta bin hanya ɗaya duk shekara. Tana karkata arewa har wajen digiri 23.45, ta dawo, ta karkata kudu kamar haka. Ana kimanta karkatar da 23.45 × sin[(360/365) × (d − 81)], inda d take lambar yini a shekara, 1 ga Janairu ita ce 1. Kano tana wajen digiri 12 arewa. Yaushe rana za ta tsaya daidai tsakar kan mutanen Kano? Sai karkatarta ta zama 12. Raba 12 da 23.45, ka samu kusan 0.512. Kalkuleta ta ce 30.8°. Ɗebe daga 180, ka samu 149.2°. Mayar da su kwanaki: ta farko ta faɗa yini na 112, wajen 22 ga Afrilu, ta biyu yini na 232, wajen 20 ga Agusta. Dokar kimantawa ce, tana iya saɓawa da yini ɗaya ko biyu. A waɗannan ranaku ka kafa sanda a miƙe a tsakar gida gab da azahar, za ka ga inuwarta ta shige ƙarƙashinta. Ta Afrilu rana na tafiya arewa, ta Agusta tana dawowa, sai dai ita sau da yawa hadari kan rufe ta. 360n kuwa ita ce baɗi da baɗin baɗaɗa.

Hauwa_Zariya:
Masha Allah Baba. Wallahi wannan zan kai aji. Ko haka ne ake samun ranakun da ake cewa rana tana saitin Ka'aba?

Baba_Mai_Falaki:
Shi ne 'yata. Makka tana wajen digiri 21.4 arewa. 21.4 a raba da 23.45 ya ba da kusan 0.913, kusurwoyin su ne wajen 66° da 114°. Suna faɗawa 27 ko 28 ga Mayu, da 15 ko 16 ga Yuli. A agogonmu na Najeriya da Nijar, wajen ƙarfe 10:18 na safe a ta Mayu, 10:27 a ta Yuli. Duk wanda ya fuskanci rana a wannan lokaci alƙibla ya fuskanta. Ki lura da tazarar: ta Kano wata huɗu ce tsakanin ranakun biyu, ta Makka mako bakwai kacal. Duk yadda lambar ta matsa kusa da 1, amsoshin biyu suna matsowa kusa da 90°, suna neman haɗuwa. Neman alƙibla da lokutan salla na daga cikin abin da ya sa magabata irin su Al-Battani, wanda ya rasu a 929, da Al-Biruni suka zurfafa a wannan fanni.

Ɗan_Damagaram:
Baba, to Alƙahira fa? Tana digiri 30. Na raba 30 da 23.45 na samu 1.28, kalkuleta ta ce Math ERROR.

Baba_Mai_Falaki:
Gaskiya ta faɗa maka. sin ba ya wuce 1, ba ya gaza −1. Babu amsa, ma'ana rana ba ta taɓa tsayawa tsakar kan mutanen Alƙahira, ko a tsakiyar bazara inuwarsu tana ɗan karkata arewa. Wanda ke zaune daidai kan digiri 23.45 kuma, nasa sin x = 1 ne, ranakun biyu sun haɗe sun zama ɗaya, wajen 21 ga Yuni.

Malam_Lissafi:
Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Ɗalibai ku riƙe wannan na ƙarshen. sin x = 1: 90° da 180° − 90° abu ɗaya ne, don haka layi ɗaya ya isa, x = 90° + 360°n. sin x = −1: x = 270° + 360°n. sin x = 0: x = 180°n. In aka ba ku sin x = 2 ko sin x = −1.5, ku rubuta babu amsa, kada ku ƙirƙiro.

Sadiq_SS3:
Na fahimci na sin x yanzu. Amma ga wata a tsofaffin tambayoyi: sin 2x = 1/2, daga 0° zuwa 360°. Na ce 2x = 30 ko 150, x = 15 ko 75. Littafi ya ce amsa huɗu ne.

Ummi_Kimiyya:
A nan ne gamammiyar amsa ke nuna amfaninta. Ka sa 360n tun kafin ka raba da 2, ba bayan ka raba ba.
2x = 30 + 360n, sai x = 15 + 180n
2x = 150 + 360n, sai x = 75 + 180n
n = 0 ta ba da 15 da 75. n = 1 ta ba da 195 da 255. n = 2 ta ba da 375, ta wuce iyaka, sai ka tsaya. Dalili kuwa, in x ta yi zagaye ɗaya, 2x ta yi biyu, dole ka leƙa har 720°.

Injiniya_Gusau:
15° da 75° ɗin nan ma suna da labari a fiziks. Nisan da abin da aka harba yake zuwa ya dogara da sin 2θ, in an yi watsi da turjiyar iska. Shi ya sa harbi a 15° da harbi a 75° da ƙarfi ɗaya wuri ɗaya suke sauka, haka 30° da 60°. 45° ce ta fi nisa don a nan sin 2θ = 1. Mai ban ruwa da tiyo a lambu yana iya gwadawa, ko ya kwantar da bakin tiyon ko ya ɗaga shi sama sosai, ruwan ya faɗa kusan kwami ɗaya.

Hauwa_Zariya:
Akwai wani rami kuma da nake so a faɗa kafin a watse. 2sin²x = sin x. Yara da yawa sai su raba kowane ɓangare da sin x, su samu sin x = 1/2, su rubuta 30 da 150. Sun jefar da amsa uku ba su sani ba, domin sin x na iya zama 0, kuma ba a raba abu da 0. A kwaso komai gefe ɗaya: sin x (2sin x − 1) = 0. Ko dai sin x = 0, ko sin x = 1/2. Daga 0° zuwa 360°, in har da bakin iyakokin, amsoshin su ne 0, 30, 150, 180, 360.

Bash_Fagge:
To na ji, da'ira tana da rana. Amma ni har yanzu ina ganin ɗalibi na buƙatar gajeriyar hanya. Ga wata da na lura da ita daga bayanin Ummi: sin x amsa 2, sin 2x amsa 4, ke nan sin 3x amsa 6, sin 4x amsa 8. Ninka lambar da 2 kawai, ka san yawan abin da kake nema.

Malam_Lissafi:
Wannan lura ce mai kyau Bash, kuma tana aiki matuƙar lambar da ke gefen dama tana tsakanin −1 da 1, ba 0 ba, ba kuma su kansu 1 da −1 ba. Gwada ta a kan sin 3x = 1 ka faɗa mana nawa ka samu.

Yakubu_Tudunwada:
Bari in riga shi. 3x = 90 + 360n, x = 30 + 120n. Wato 30, 150, 270. Uku ne, ba shida ba.

Ɗan_Damagaram:
Daidai ne Yakubu. Mu za mu rubuta x = π/6 + 2kπ/3. In ka sa ɗigon ukun a kan da'ira ka haɗa su da layi, alwatika ce mai gefe uku daidai wa daida, don tazarar 120° ce tsakanin kowanne.

Zee_Bauchi:
Malam, in aka ba mu sin x = cos x fa, ta ina za a fara? A raba da cos x a samu tan x = 1? Ko nan ma za a jefar da wasu amsoshin kamar yadda Malama Hauwa ta ce?

Hauwa_Zariya:
Nan rabawa ba ta cutarwa, amma sai kin duba dalili tukuna. Inda cos x yake 0, wato 90° da 270°, sin x yana 1 ko −1, ba su zama daidai ba, don haka ba amsa ba ne tun asali, babu abin da kika jefar. tan x = 1 ta ba ki 45°, shi kuma tan duk 180° yake maimaita kansa, x = 45° + 180°n. Gwada 225° a kalkuletar taki, sin da cos, ki turo mana abin da kika gani.